Majami'a Gidan Gandu Ce

Duk wanda ya tashi a karkara ya san yadda gidan gandu yake tafiya. Uba ne da 'ya'yansa maza, wani sa'in har da ƙannensa da jikoki, suna noma gona ɗaya suna ci daga rumbu ɗaya. Da sassafe a saɓi fartanya a nufi gandu, a yi ta fama har azahar, sannan kowa ya zarce gayaunarsa, 'yar gonar da aka yanka masa domin ya sami na sabulu da na sutura. Shi kuma maigida nauyinsa a fili yake: ciyar da gida, sayen garma da iri, biyan haraji a zamanin da ake biyansa, da yi wa saurayi auren fari. Ba a taɓa rubuta wannan yarjejeniya a takarda ba, amma ranar da wani ya karya ta, har yaran gidan sai sun sani.

Ƙaramar majami'ar unguwa ko ta ƙauye haka take rayuwa, haka kuma take mutuwa. Ba manyan cocin Abuja da Legas nake nufi ba, masu ofisoshi da ma'aikatan albashi da kamfanin shara. Ina nufin irin wadda za ka tarar a ƙauyukan Malumfashi da Kafur, ko a Tudun Wadar Dankadai, a Saminaka, Zuru, Biliri, Numan, ko Tsibiri ta kusa da Maraɗi: dogon ɗaki mai rufin kwano, bencina na katako ko na siminti, tsohon ƙarfen tayar mota rataye a jikin bishiya yana aikin ƙararrawa, gidan fasto a gefe, rijiya in an yi dace. Ko ta ECWA ce, ko COCIN, ko EYN, ko HEKAN, ko ta Angilika, ko ta Katolika, sunan da ke kan allo ne ya bambanta. Ciwon kan iri ɗaya ne.

Baƙon da ya shigo ranar Lahadi da hantsi, tamkar a lokacin kaka ya zo. Ya tarar da daɓe a share, bencina a goge, farin ƙyalle a kan teburin bagadi, mawaƙa sun jeru cikin rigunansu, lasifika tana aiki, an rubuta lambobin waƙoƙi a allo. Zai yi sujada, ya jefa baikonsa, ya gaisa da mutane a bakin ƙofa, ya tafi yana cewa lalle wannan ekklesiya tana da rai. Gaskiya ya faɗa, sai dai dami ya gani. Bai ga sassabe ba, bai ga noman fari da maimai ba, balle kai taki a tsakiyar rani, lokacin da babu ko tsiro ɗaya a gona da zai ƙarfafa wa mutum gwiwa.

Noman yana farawa tun ranar Litinin. Kafin gari ya waye wani ya buɗe ƙofa ya buga ƙarfe domin addu'ar asuba, wadda ba ta cika tara kowa ba sai tsirarun tsofaffi da wanda wata damuwa ta hana shi barci. Ranakun sun bambanta daga wuri zuwa wuri, amma da wuya yamma ta yi babu mutane a harabar. Yau Zumuntar Mata, gobe addu'ar tsakiyar mako, jibi mawaƙa suna ta maimaita baiti ɗaya har maƙwabta su haddace shi. Masu shirin baftisma suna ajinsu a gindin bishiya. 'Yan Birged suna fareti da ganguna. Malaman makarantar Lahadi suna neman alli. Wani dattijo ya hau babur ya tafi asibiti dubiya, wani ya tafi sasanta miji da mata, shi kuma fasto an kira shi jana'iza a wani reshe mai nisa, ga rafi ya kawo. Ranar Asabar a yi shara, a wanke ƙyallayen bagadi da 'yan kofunan jibin Ubangiji, a kakkaɓe yana, a kwashe kashin jemagu da ya zubo daga silin. Wanda bai taɓa share majami'ar da jemagu suka tare a rufinta ba, da sauransa a makarantar haƙuri. Mai karatu Musulmi ma ba zai ji wannan baƙon labari ba, in ya tuna mai cika randar alwala da mai biyan kuɗin wutar masallacin unguwarsu.

To, wa ke yin wannan duka? Kowa ya san amsar, ba a dai cika faɗarta daga kan mumbari ba. A gidajen Maguzawa, inda gandu ya daɗe da ƙarfinsa, mata ma noma suke yi, su dawo kuma su ɗora tukunya. Ekklesiya ta gaji wannan tsari kaf. Zumuntar Mata ce ke riƙe da gidan. Su ne masu shara, su ne masu girkin baƙi in taro ya tashi, su ne ke kwana a gidan makoki, su kai wa mai jego itace da sabulu, su tara wa gwauruwa hatsi kwano-kwano. In kuɗin siminti ya gaza, kowa sai ya juya ya dubi ɓangaren mata, kuma sai ka ga an kwance bakin zane, kuɗin ƙuli-ƙuli da na daddawa sun fito. An san su da zanensu iri ɗaya da tulun kiɗa da caki, har wasu na zaton waƙa ce kaɗai aikinsu. Amma ka leƙa taron dattawa, inda ake yanke yadda za a kashe kuɗin: a ekklesiyoyi da dama ba za ka ga ɗankwali ko ɗaya ba. Ban zo jayayya a kan wanda ya cancanci naɗi ba, wannan maganar malaman tauhidi ce. Abin da na kasa ganewa shi ne hikimar a zauna shawarar gyaran ɗaki ba tare da an tambayi mai share shi kowace Asabar inda yake yoyo ba.

Bayan mata sai waɗanda ake mantawa da su har sai ranar da ba su zo ba. Akwai mai gadi, wanda shi ne mai makulli, mai buga ƙararrawa, mai tayar da janareta, mai korar awaki, kuma shi ne na ƙarshe da ake tunawa da albashinsa. Akwai mai bishara da aka ajiye a reshe, yana wa'azi, yana koyar da karatu, yana noma 'yar gonarsa domin abin da ake ba shi ba ya kai shi ƙarshen wata. A Katolika, inda Fada ɗaya kan riƙe rassa da yawa yana zagaya su bi da bi, katikis ne ke tara jama'a ranar Lahadin da Fada ba ya nan, shi ke koyar da yara katikisma, shi ke tsayawa a bakin kabari in hanya ta hana Fada isowa. Irin wannan aikin bishara ne ya ɗauko Yohanna Gowon daga ƙasar Angas ya kai shi Wusasa, inda ɗansa Yakubu ya girma. Ɗan ya mulki Najeriya, kowa ya san sunansa. Irin uban kuwa dubbai ne, kuma a kan wuyansu ekklesiyar Arewa ta tashi.

Sai maganar kuɗi, wadda ake jin nauyinta kamar ba da su ake sayen gurasar jibi ba. Hanyoyin shigarsu ba su da yawa: baikon kowace Lahadi, zakka wato ɗaya bisa goma ga mai iyawa da mai niyya, baikon godiya in an haihu ko an warke ko an tsira daga hatsari, sai babbar godiyar kaka, ranar da ake shigowa da damin gero da buhun masara da doya da kaji da akuya ana rawa, daga baya a yi gwanjonsu. Ƙofofin fita kuwa sun fi haka yawa. Albashin fasto da na mai gadi, kuɗin wuta, man janareta, magani ga wanda ya rasa, kuɗin motar wakilan da za su taro, sannan kason da ake turawa sama. A ECWA kason yana hawa ne daga ƙaramar ekklesiya zuwa matakan da ake kira LCC da DCC, har hedkwata a Jos. Angilika da Katolika kuma suna da abin da suke kai wa dayosis. Wannan shi ne harajin gandu, kuma kamar kowane haraji ana biyansa ana ƙunƙuni. Amma mai ƙunƙunin yakan manta cewa faston da ke tsaye a gabansa wata makaranta ce ta horar da shi, a Kagoro ko Gindiri ko Bukuru ko Kwarhi, kuma makaranta ba da iska take tafiya ba.

A ƙauye asusun ekklesiya yana bin damina sau da ƙafa. Daga Nuwamba zuwa Janairu akwai walwala. Zuwa Yuli da Agusta, lokacin da rumbunan gidaje suka yi ƙasa, kwanon baiko ma sai ya koma tsabar canji, fasto ya shiga bin bashin albashi yana murmushi a kan mumbari. Shi ya sa a wurare da yawa maganar gandu ta wuce kwatance. Ekklesiya tana da gonarta ta gaske, a sanar ranar Lahadi cewa ran kaza kowa ya fito da fartanya, maza da mata da matasa, a nome ta, wani lokaci a zarce gonar Baba Fasto a taya shi. Abin da aka girbe a zuba a rumbun ekklesiya, a ci a taro, a taimaki mabukata, a sayar da saura in hatsi ya yi daraja. A irin wannan ranar ake gane ainihin yawan 'yan ekklesiya, ba a littafin sunaye ba.

Sai dai gandu bai taɓa rabuwa da gayauna ba, kuma a nan gardamar take. Kowane maigida ya san ɗan da ke zuwa gandu a makare, ya yi noman ganin ido, yana tanadin ƙarfinsa domin yamma. Ba a hana kowa gayauna, mutum yana da iyali da kuɗin makaranta da bashin takin zamani. Wadda ta fi ba ni mamaki ita ce gayaunar da ke tsirowa a cikin harabar kanta. Mawaƙa da asusunsu, matasa da nasu, zumuntar maza da nata, a birni har da ƙungiyar 'yan ƙabila kaza da ta 'yan garin kaza. Kowace tana da ma'aji mai ƙwazo da burin shekara. Sai ka ga matasa sun sayo sabuwar jita da gangunan zamani, mawaƙa sun ɗinka sababbin riguna, alhali ranar da aka yi ruwa sai an janye bencina an jera bokitai. Kowa ya yi ƙoƙari, kowa ya kawo rahoto mai daɗi a taron ƙarshen shekara. Rufin ne kawai ba shi da ƙungiya.

Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Akwai aikin da ake yi wa tafi, akwai wanda ba a yi masa. A kira taron kafa gidauniyar sabon gini, a gayyato ɗan majalisa da babban ɗan kasuwa, a ba su kujerun gaba, nan take za ka ji alkawura suna tashi, wasu a cika, wasu sai a lahira. Mutum ya sayi fanka, a rubuta sunan iyalinsa a fukafukinta, duk ranar da aka ɗauke wuta jama'a su ɗaga kai su karanta. Amma ban taɓa ganin an rubuta sunan kowa a jikin masai ba, ko a kan ƙusar da aka danne kwanon da iska ta ɗaga. Shi ya sa ko'ina ka bi za ka ga manyan gine-ginen da suka tsaya a linta shekara da shekaru, rodi ya yi tsatsa, ciyawa ta rufe inda aka ce nan bagadi zai zauna, ita kuma tsohuwar majami'ar da ake sujada a cikinta an daina taɓa ta, wai ai an kusa tashi. Gara ba ta san an kusa tashi ba. Tana nan tana cin katakon rufi a natse, ruwan da ba a yi wa hanya ba yana zaizaye gindin bango, tsagar da yatsa ba ya shiga bara, bana hannu yana shiga. Sai iskar farkon damina ta zo a Afrilu ko Mayu, ita da ba ta karɓar uzuri. Kwano biyu da 'yan ƙusoshin da aka ƙi saya a Fabrairu sai su koma rufi sukutum, a sake buga katin gayyata, a sake neman ɗan majalisa.

Mai son ganin amfanin kai taki ya je Wusasa, a gefen Zariya. Bayan da mishan ɗin CMS, wanda Dakta Walter Miller ya kafa a cikin birni a 1905, ya koma wajen ganuwa, an gina majami'ar St. Bartholomew a can a 1929, ginin ƙasa irin na maginan Hausa. Ginin ƙasa kuwa kowa ya san halinsa: a yi sakaci da yaɓe da indararo damina biyu ko uku, ya fara sallama. Ga shi tana dosar shekara ɗari tana tsaye, alhali gine-ginen bulo da yawa da aka yi bayanta sun daɗe da tsagewa. Ma'ana, a duk tsawon wannan lokaci ba a rasa wanda zai jingina tsani ya hau ya duba ba. Sunan Miller yana cikin littattafai, na masu hawa tsanin ne ba a cika ji ba.

Duk da haka, ba fari ko gara ne suka fi kashe gandu ba. Rumbu ne. Ranar da 'ya'ya suka fara zargin maigida yana ɗibar hatsi a ɓoye yana kaiwa kasuwa, ko mudunsa ya fi cika in ya zo ɗakin amarya, daga ranar noma ya mutu, ko da ba wanda ya ce uffan. Kowa zai ci gaba da zuwa gona, amma fartanya ta daina shiga ƙasa. Haka baiko yake. Jama'a ba su cika tashi su yi faɗa a kan kuɗin ekklesiya ba. Kunya da tsoron a ce sun taɓa bawan Allah sukan ɗaure musu baki. Hannu kawai suke janyewa. Mai jefa dubu ya koma jefa ɗari, zakka ta bi wata hanya, a hau mumbari a yi ta faɗan rowa, alhali masu sauraro sun san ba rowa ke damunsu ba.

Maganin tsoho ne, yana cikin Littafin da ake buɗewa kowace Lahadi. A Sarakuna na Biyu, sura 12, Sarki Yowash ya umarci firistoci su gyara Haikali da kuɗin da jama'a ke kawowa, amma har shekara ta 23 ta sarautarsa gyara bai yiwu ba. Sai firist Yehoyada ya ɗauki akwati, ya huda murfinsa, ya ajiye shi kusa da bagadi. In kuɗi sun taru, magatakardan sarki da babban firist su zo tare su ƙirga, a miƙa wa masu lura da aiki, su biya massassaƙa da magina. Ba a sake jama'a ba, ba a ƙaro musu wa'azi ba. Hanyar kuɗin aka gyara, aka sa idon mutum biyu a kai, aiki ya tafi, har amana ta kai ba a tsayawa bin masu aikin lissafi. Ekklesiyoyin da na ga suna zaune lafiya duk wannan hanya suke bi. Mutum biyu ko uku ke ƙirga baiko, a wurin da ba a kulle ƙofa ba, kowa ya sa hannu a littafi. A kai kuɗin banki washegari in akwai banki kusa. Ma'aji daban, mai rubutu daban, kuma ba 'yan ɗaki ɗaya ba. A karanta rahoto a gaban jama'a da harshen da tsohuwa za ta gane, a manna shi a allo, wanda ya tambaya a amsa masa ba tare da an harare shi ba. Fasto mai hankali ba ya bari kuɗin baiko su kwana a aljihunsa ko na dare ɗaya, domin bakin mutane ba ya jiran shaida.

A wuri ɗaya kwatancen nan yake ɗingishi, kuma wurin ba ƙarami ba ne. Maigidan gandu a gidan aka haife shi, a nan za a binne shi. Fasto kuwa takarda ce ta kawo shi, takarda za ta ɗauke shi. Bayan 'yan shekaru a turo mota a kwashe kayansa, a yi masa bikin bankwana, wani ya zo. Duk da haka jama'a sun fi so su ɗauke shi maigida, domin hakan ya fi musu sauƙi. Famfo ya lalace, a gaya wa Baba. Ƙwan fitila ya mutu, Baba bai sayo ba. Wasu fastocin ma suna son rawanin: kowane ya zo sai ya yi watsi da abin da na baya ya fara, ya kafa nasa harsashin domin a riƙa tunawa da shi. Alhali tun a Ayyukan Manzanni, sura 6, da aka yi ƙorafin ana tsallake wasu gwauraye a rabon abinci, manzanni ba su ƙara wa kansu aiki ba, sai suka sa jama'a su zaɓi mutum bakwai su riƙe wannan fanni.

Wannan ɗabi'ar jiran wani tana da tarihi. A zamanin mishan Bature ne ke kawo kwanon rufi da magani da littafi, komai sunansa kayan mishan, in ya lalace mai shi zai gyara. Tun tsakiyar ƙarni na 19 Henry Venn, sakataren CMS a Landan, ya yi ta jan hankali cewa ekklesiyar da aka dasa dole ta ciyar da kanta, ta mulki kanta, ta kuma yaɗu da ƙafarta. ECWA ta tsaya da sunanta a 1954, a 1976 kuma mishan ɗin SIM ya miƙa mata sauran ayyukansa. Amma duk wanda ya ga yadda wasu tsofaffin gidajen mishan suka koma kango ya san karɓar makulli daban, karɓar nauyi daban. Kirista zai ce mai gonar ai Ubangiji ne. Na yarda. To amma masu riƙon gidan a nan ƙasa su ne waɗanda iyayensu ke kwance a maƙabartar bayan majami'a, su da ba wata takarda da za ta zo ta ɗauke su.

Shekarun nan sun ɗora wa gandun kayan da kakanni ba su sani ba. Tun harin bam na ranar Kirsimetin 2011 a cocin St. Theresa da ke Madalla, majami'u da yawa suka shiga gina katanga, da sayen na'urar bincike, da tsayar da matasa a bakin ƙofa, su da ke jin wa'azi daga waje in lasifika ta kai. A Oktoban 2014 Boko Haram ta mamaye hedkwatar EYN a Kwarhi, kuma majami'un wannan ekklesiya da aka ƙone a Borno da Adamawa ba su ƙirguwa da yatsu. Mutanen wannan ekklesiya da suka fara sujada a gindin tsamiya a Garkida a 1923 sai ga jikokinsu sun koma gindin bishiya da rumfar kwano, suna tara bulo ɗai-ɗai. Kullen korona na 2020 ya rufe ƙofofi makonni, albashi kuwa bai san kulle ba. A farkon 2023 takardun naira suka yi ɓatan dabo, kwanon baiko ya riƙa dawowa fayau, har ekklesiyoyin da ba su taɓa tunanin haka ba suka fara rubuta lambar asusun banki a bango. Kafin a farfaɗo aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, janareta ya zama babban mai cin baiko. Masu hali sun koma hasken rana. Marasa hali sun tuna cewa an daɗe ana waƙa da tafi da tulu kafin a san jita.

Ga kuma ciwon da ya ci gandu a ko'ina: samari sun tafi birni. Majami'ar ƙauye ta rage tsofaffi da yara, sai Disamba ta cika maƙil da 'yan Kaduna da Abuja da Legas. Kuɗinsu na da amfani, ba mai musu, rufi da yawa su suka yi shi. Sai dai wanda ya zo kwana huɗu yakan zo da shawarar shekara goma, ya ce a rushe a yi bene, ya tafi ya bar wa tsofaffi ramin harsashi da bashi. Sai kuma rabuwar ekklesiya, wadda iri biyu ce. Akwai ta albarka, inda reshe ya girma, uwar ekklesiya ta yanka masa fili, ta ba shi bencina da ma'aikaci, aka raka shi da addu'a. Akwai ta fushi, inda aka faɗi zaɓen dattawa ko aka yi saɓani a kan wane yare za a yi waƙa da shi, sai ga sabon allo a tsallaken hanya. A ta biyun an sami rufi biyu masu yoyo, masu gyara kuwa adadinsu bai ƙaru ba.

Saboda haka, ya ku iyayenmu dattawa, kafin a sake buga katin gidauniya, a ware wani abu daga baikon kowane wata da sunan gyara, kada a taɓa shi ko taro ya matso. A sa kafinta ya hau rufi tun rani, a buɗe wa ruwa hanya, a yi wa katako maganin gara. A kira shugabar Zumuntar Mata a zauna da ita kafin a yanke shawara, ba bayan an yanke ba. A manna lissafi a allo. Kai kuma ɗan'uwa mai zuwa Lahadi kaɗai, Asabar mai zuwa da la'asar ka zo da tsintsiya, ka kuma tambayi ma'aji ko an biya mai gadi albashin watan jiya.